Shekara 18 ko 21: tarihin tabar wiwi da matasan Kanada

A daren 17 ga watan Oktoba na 2018, da ƙarfe goma sha biyu ta gota, kantuna suka buɗe ƙofofinsu a birnin Sen Jon, can ƙarshen gabashin Kanada. Mutanen da suka yi layi cikin sanyi suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka sayi tabar wiwi, aka naɗe masu ita cikin kwali mai hatimin hukuma, gwamnati kuma ta ɗauki harajinta. Da haka Kanada ta zama ƙasa ta biyu a duniya, bayan Uruguwai, da ta halatta wa baligai wannan ganye don nishaɗi, kuma ta farko cikin manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki. Abin da ya fi ɗaukar hankali a dokar shi ne dalilin da aka rubuta a sahun gaba cikin manufofinta: kare lafiyar matasa. Shekara da shekaru masu hani suna cewa don yara suke hanawa, sai ga masu halattawa su ma sun ce don yara suke halattawa.

Haramcin kansa ya shigo ƙasar ne ba tare da hayaniya ba. Tun 1908 Kanada take da dokar hana ofiyom, wadda ta biyo bayan tarzomar da aka yi wa ƴan asalin Sin da Japan a Bankuba cikin 1907. A 1923 aka ƙara sunan wiwi cikin jerin abubuwan da aka hana, majalisar dokoki ba ta yi muhawara a kai ba, mafi yawan ƴan ƙasar kuma ba su taɓa ganin ganyen da idonsu ba. An daɗe ana ɗora alhakin haka a kan Emily Murphy, wata alƙaliya a birnin Edmonton, wadda ta fitar da littafi a 1922 cike da ban tsoro da kuma ƙyamar baƙi; amma masana tarihi na baya sun fi karkata ga cewa jami'an Otawa sun ɗauko ra'ayin ne daga tarurrukan ƙasa da ƙasa da suke halarta. Ko ma wane ne sila, dokar ta yi shekaru kusan arba'in tana barci, domin babu masu shan da za a kama.

Shekarun 1960 ne suka tashe ta. A 1961 aka tsaurara hukunci, mallakar wiwi kaɗai tana iya kai mutum kurkuku har shekara 7. Ba a jima ba ɗaliban jami'a da na sakandare suka rungumi ganyen. Shari'o'in da a farkon shekarun ba su wuce ƴan gomomi ba suka koma dubbai kafin ƙarshensu, waɗanda ake gurfanarwa kuwa ƴaƴan malamai ne da likitoci da manyan ma'aikata. A nan ne magabata suka fara jin zafin dokar a jikinsu. A 1969 gwamnatin firaminista Pierre Trudeau ta naɗa kwamitin bincike mai mutum biyar a ƙarƙashin masanin shari'a Gerald Le Dain. Kwamitin ya zaga ƙasar, ya saurari ƴan sanda da likitoci da iyaye da ɗalibai, har ma da mawaƙin Ingila John Lennon, ya fitar da rahotonsa kan wiwi a 1972.

Wannan rahoto ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk abin da ake jayayya a kai yau yana cikinsa. Masu rinjaye a kwamitin sun ba da shawarar a daina hukunta wanda aka samu da ɗan abin shansa, a ci gaba da hukunta dillalai. Hujjarsu ita ce, saurayin da aka rubuta sunansa a kundin masu laifi ya yi asarar aiki da karatu da damar tafiya ƙasashen waje, asarar da ta fi cutarwar ganyen nauyi. Amma ba su wanke wiwi ba. Cikin abubuwan da suka ce suna damunsu, na farko shi ne tasirinta a kan balagar matasa: yaron da ya saba gudun damuwa ta hanyar hayaƙi tun yana ɗan shekara 13 ko 14, yaushe zai koyi fuskantar rayuwa? Sun kuma ambaci tuƙin mota cikin maye da yiwuwar taɓuwar hankali ga masu yawan sha. Mamba ɗaya, Marie-Andrée Bertrand ta jami'ar Monreyal, ta ce a halatta gaba ɗaya gwamnati ta riƙe cinikin; wani kuma ya ce a bar hani yadda yake, a dai sassauta hukunci. Gwamnati ta karɓi rahoton, ta ajiye shi. Ɗan wanda ya naɗa kwamitin ne, Justin Trudeau, zai dawo kan maganar bayan shekara 43.

A tsakanin wannan lokaci abubuwa biyu suka canza, kuma sun canza ne a fuskoki masu saɓani. Ta fuskar shari'a ƙofa ta riƙa buɗewa. A shekara ta 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin Ontariyo ta yanke cewa hana Terrance Parker, wani mai fama da farfaɗiya, amfani da wiwi a matsayin magani ya saɓa wa tsarin mulki, sai gwamnati ta fito da ƙa'idojin wiwin magani a 2001. A 2002 wani kwamitin majalisar dattawa a ƙarƙashin Pierre Claude Nolin ya nemi a halatta, har ya ba da shawarar shekara 16 a matsayin iyaka. Ta fuskar ilimin likita kuwa, shaidu suka riƙa taruwa a ɗaya gefen. A 1987 masu bincike a Suwidin suka wallafa sakamakon bin diddigin samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja, tsawon shekara 15. Waɗanda suka ce sun sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, haɗarin kamuwarsu da sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankali da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa, ya ninka na marasa sha sau shida. Nazarin ƙwaƙwalwa kuma ya nuna cewa sashenta na gaba, mai kula da tsara al'amura da kame kai, ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 25.

Akwai kuma canji na uku da ba kowa ya lura da shi ba, shi ne ganyen kansa. Sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 3 cikin 100 na busasshen ganye ba a shekarun 1980, bisa ƙiyasin ma'aikatar lafiya ta Kanada. Masu noma a ɓoye, cikin ɗakuna masu fitilu, suka yi ta zaɓen iri da haɗa aure tsakanin tsirrai har matsakaicin ya kai wajen kashi 15, wasu nau'o'in ma kashi 30. Ma'ana, dattijon ɗan majalisa da ke tuna abin da ya zuƙa a jami'a a 1970, yana cewa bai yi masa komai ba, yana magana ne a kan wani abu dabam da wanda jikansa zai saya. Suna ɗaya ne, ƙarfi ba ɗaya ba. Dillalin ɓoye yana son kaya mai ƙarfi domin ɗan kaɗan ya fi sauƙin ɓoyewa kuma ya fi kawo kuɗi, saboda haka hanin ma yana da hannu a wannan hauhawa.

Hujjar da ta fi taimakon masu neman halattawa ta fito ne daga inda ba a zata ba. A 2013 hukumar UNICEF ta kwatanta halin yara a ƙasashe 29 masu arziki, ta samu cewa matasan Kanada ne a sahun gaba wajen shan wiwi: kashi 28 cikin 100 sun sha a shekarar da ta gabaci binciken. Shekara 90 na hani, dubun dubatar kame a kowace shekara, amma ga sakamakon. Justin Trudeau ya riƙe wannan adadi ya yi yaƙin neman zaɓen 2015 da shi. Maganarsa mai sauƙi ce: dillalin lungu ba ya tambayar katin shaida, mai kanti mai lasisi kuwa zai tambaya, kuɗin da ke shiga aljihun ƴan daba kuma zai koma baitulmali.

Da ya ci zaɓe, sai tambaya ta tashi daga «a halatta ko kada a halatta» ta koma «daga shekara nawa». Ƙungiyar likitocin Kanada ta nemi a sa iyaka a shekara 21, a kuma taƙaita yawa da ƙarfin abin da za a sayar wa wanda bai kai 25 ba. Kwamitin da gwamnati ta naɗa a ƙarƙashin tsohuwar minista Anne McLellan ya saurare su, ya amince da ilimin da suka kawo, amma a rahotonsa na ƙarshen 2016 ya zaɓi shekara 18. Dalilinsa shi ne, ƴan shekara 18 zuwa 24 su ne suka fi kowa sha. Idan aka rufe masu ƙofar kanti, an miƙa su ne ga kasuwar ɓoye da ake son kashewa. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma wannan ne ya sa matsalar ta yi wuya. Dokar da aka zartar a watan Yuni na 2018 ta bar wa larduna ikon ɗaga iyakar. Alberta ta tsaya a 18, mafi yawan larduna suka ɗauki 19, daidai da shekarun sayen barasa a wajensu. Baligi na iya riƙe giram 30 a bainar jama'a, gida ɗaya na iya shuka tushe huɗu, wanda ya sayar wa yaro ko ya ba shi kuma yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 14. An hana talla mai jan hankalin yara, an wajabta kwali maras ado mai ɗauke da gargaɗi.

Masu jari ba su jira ranar buɗe kantuna ba. A watan Agusta na 2018 kamfanin barasa na Amurka, Constellation Brands, ya zuba dalar Kanada miliyar 5 cikin Canopy Growth, kamfanin wiwi da ya kafa hedkwatarsa a tsohuwar masana'antar cakulan ta Hershey a garin Smiths Falls. A watan Disamba kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sayi kaso mai yawa na kamfanin Cronos da dalar Kanada miliyar 2.4. Masana lafiyar jama'a sun san abin da wannan ke nufi, domin sun gani a cinikin taba da na giya: ribar irin wannan sana'a tana fitowa ne daga tsirarun da ke sha kullum, kuma mai sha kullum galibi tun yana matashi ya fara.

Daga nan tarihin ya rabu gida biyu, kuma rabuwar ce ta ba masu bincike damar kwatantawa. Ontariyo, lardin da ya fi yawan jama'a, ya yi niyyar buɗe kantunan gwamnati, amma da Doug Ford ya hau mulki a tsakiyar 2018 sai ya miƙa cinikin ga ƴan kasuwa. An fara da lasisi 25 da aka raba ta hanyar ƙuri'a a 2019. Da aka cire ƙayyadewa, kantunan suka haura 1,500 kafin ƙarshen 2022, har a wasu titunan Toronto mutum kan wuce uku ko huɗu kafin ya kai mahaɗar gaba. Gasa ta karya farashi, ta kuma tura kowa ga neman kaya mafi ƙarfi, tunda abin da mai saye ke fara dubawa a kwali shi ne adadin THC.

Kebek, lardin masu magana da Faransanci, ya bi wata hanya. Ya kafa kamfanin gwamnati guda, SQDC, shi kaɗai ke sayarwa, da kantuna 12 a ranar farko, kuma bayan shekara shida ba su wuce wajen 100 ba ga mutane kusan miliyan 9. An tsara ribar ta tafi asusun rigakafi da bincike. An hana shuka a gida, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da wannan hani a 2023. Gwamnatin François Legault, wadda aka zaɓa makonni biyu kafin ranar halattawa, ta ba Lionel Carmant, likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwar yara, aikin sake duba dokar, ya ɗaga iyakar zuwa shekara 21 daga 1 ga Janairu na 2020. Ba kowa ya yaba ba. Masana da yawa a Kebek ɗin, har da na cibiyar lafiyar jama'a ta lardin, sun yi gargaɗin cewa ɗan shekara 19 ba zai daina sha don an hana shi shiga kanti ba, zai dai koma wurin dillali, inda babu mai auna ƙarfin kaya. Wannan gardama ba ta mutu ba har yau.

Inda bambancin lardunan ya fito fili ba tare da gardama ba shi ne batun alawa. A watan Oktoba na 2019 gwamnatin tarayya ta halatta kayan ci masu wiwi: cakulan, biskit, alawa mai danƙo, abin sha, bisa sharaɗin kada kwali ɗaya ya wuce miligiram 10 na THC. Kebek ya ƙi yarda da duk wani nau'i mai zaƙi da zai ja hankalin yaro. A 2022 Daniel Myran, likita mai bincike a Otawa, da abokan aikinsa suka wallafa ƙidayar yara ƴan ƙasa da shekara 10 da aka kwantar asibiti saboda gubar wiwi a larduna huɗu, daga farkon 2015 zuwa Satumban 2021. Sun samu yara 581, matsakaicin shekarunsu bai kai 4 ba. A Ontariyo da Alberta da Kolombiya ta Birtaniya, inda aka sayar da alawar, yawan kwantarwa ya ninka sau 7.5 a kan na kafin halattawa. A Kebek ya ninka sau 3. Yaron da bai iya karatu ba ba ya ganin gargaɗi a kwali, alawa yake gani a jakar uwarsa ko a kan tebur. Abin da babba zai ci ya yi dariya yana iya jefa ɗan shekara uku cikin barci mai nauyi da raunin numfashi, har a kai shi sashen kulawa ta musamman. Wani kaso na wannan guba daga kayan ɓoye yake, masu kwaikwayon kwalin sanannun alawoyi, kuma ƙarfinsu ya ninka abin da doka ta yarda sau da yawa. Amma ƴan kasuwar ɓoye suna ko'ina a ƙasar, Kebek ma ba su bar shi ba, saboda haka ba su kaɗai ne za su bayyana tazarar ba.

Maganar taɓin hankali ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma tana buƙatar a yi mata adalci. A 2019 wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Brazil ya nuna cewa mai shan wiwi kullum yana da haɗarin gushewar hankali ninki uku a kan wanda bai taɓa sha ba, idan kuwa mai ƙarfi yake sha, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, haɗarin ya kusa ninki biyar. Kusan duk abin da ke kan kantar kanti a Kanada ya wuce wannan ma'auni. A 2025 Myran ya sake fitowa da nazarin bayanan asibitocin Ontariyo daga 2006 zuwa 2022: rabon sabbin masu sikizofireniya da ake dangantawa da matsanancin shan wiwi ya tashi daga kashi 3.7 zuwa kashi 10.3 cikin 100, a tsakanin samari ƴan shekara 19 zuwa 24 kuma ya kusa kashi 19. Sai dai hauhawar ta faro tun kafin 2018, tana tafiya tare da ƙaruwar ƙarfin ganyen da yaɗuwar kantunan da ke fakewa da sunan magani. Haka kuma dangantaka ba ita ce tabbacin sanadi ba: akwai gado, akwai waɗanda ciwon ya riga ya fara taɓa su suka nemi sauƙi a hayaƙi. Mafi yawan masu sha ba za su taɓa kamuwa ba. Amma ciwo ne da ke kama mutum a daidai shekarun da zai gama karatu ya kama sana'a, kuma sau da yawa ba ya sakinsa.

Dokar ta wajabta a sake duba ta bayan ƴan shekaru, sai aka naɗa kwamitin masana a ƙarƙashin Morris Rosenberg, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Maris na 2024 da shawarwari 54. A gefen nasara, tuhumar mallakar wiwi ta ragu da kashi 95 cikin 100 tsakanin 2017 da 2022, wato abin da Le Dain ya roƙa a 1972 ya samu. Mafi yawan masu saye kuma sun koma kantunan halal. A gefen manya, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta riga ta nuna cewa masu sha sun tashi daga kashi 14 a farkon 2018 zuwa kashi 20 a ƙarshen 2020. A gefen matasa kuwa, ambaliyar da masu adawa suka yi hasashe ba ta zo ba, amma raguwar da gwamnati ta yi alkawari ita ma ba ta zo ba: adadin ya tsaya kusan inda yake, wato cikin mafi girma a duniya, abin da suke sha kuma ya ƙara ƙarfi, musamman ta ƴan na'urorin zuƙa na lantarki waɗanda ruwansu kan ɗauki THC kashi 70 ko fiye, ba su da warin da zai tona asirin ɗalibi a bayan aji.

Kwamitin ya koka da yadda kuɗin wayar da kan matasa ya ja baya bayan shekarun farko, ya nemi gwamnati ta sa wa kanta adadin da za ta rage shan matasa zuwa gare shi domin a iya tuhumarta idan ta kasa, ya ba da shawarar haraji mai hawa daidai da ƙarfin kaya. Kamfanoni sun matsa a ɗaga iyakar miligiram 10 ta kayan ci, suna cewa ita ke kora masu saye zuwa kasuwar ɓoye. Kwamitin ya dubi ƙidayar yaran asibiti, ya ce a bar ta yadda take. Kwanaki kaɗan bayan fitar rahoton, a 1 ga Afrilu na 2024, dokar halattawa ta Jamus ta fara aiki ba tare da kantunan kasuwanci ba, kuma ta tanadi cewa ƙungiyoyin noma ba za su ba ɗan shekara 18 zuwa 21 fiye da giram 30 a wata ba, ƙarfinsa kuma kada ya wuce kashi 10, kusan abin da likitocin Kanada suka roƙa a 2016 aka hana su.